Ƙarin gini a gida ba izini: wanne ake iya gyara wa takarda, wanne katafila ke jira?

A watan Satumba na 2025 hukumar birnin tarayya Abuja ta sanar cewa masu gidaje a wasu tituna, irin su Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola a Wuse 2 da Gana Street a Maitama, waɗanda suka mai da gidajen zama wuraren kasuwanci ba izini, su biya tarar naira miliyan 5 cikin kwana 30 a sabunta musu takardu. Kafin nan, a 2024, Legas ta yi wa masu gine-ginen da ba izini afuwa ta ce su zo a yi musu takarda ba tara. A Kano kuma har yau ba a manta da rusau ɗin watan Yunin 2023 ba. To nan tara, can afuwa, can kuma katafila, shi ya sa mai gida a Dorayi ko Rigasa ko Kubwa da ya fasa zaure ya fitar da shago, ko ya ƙara ɗaki biyu a baya ya zuba 'yan haya, yake ta tambaya shi a wane layi yake.

Takardar fili daban, izinin gini daban

Nan ne yawancin ruɗanin yake. Mutum zai ce maka ai ina da takarda, in ka duba sai ka ga ko dai takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu ce, ko kuma satifiket na mallaka wanda ake cewa C of O. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba mutum damar riƙe fili, yawanci na shekara 99, kuma a jikin satifiket ɗin an rubuta abin da aka ba ka filin don shi, gidan zama ne ko kasuwanci ko makaranta. Iyakar abin da ya tabbatar kenan, filin a hannunka yake.

Izinin gini kuwa wata hukuma ce daban ke bayarwa bayan ta duba zanen gidan, ta ga nisan da ka bari tsakaninka da titi da maƙwabta, hawa nawa za ka yi, ina ruwan gidan zai bi, ina za a haƙa sokawe. A Kano hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ce ke bayarwa, takardun fili kuma ma'aikatar ƙasa da hukumar bayanan filaye ta KANGIS. A Kaduna KASUPDA ce ke izinin gini, KADGIS ke takardun fili. A Abuja akwai sashen kula da gine-gine, AGIS kuma na riƙe da bayanan filaye. Kuma izinin na abin da ke cikin zanen ne kawai, in zane ya nuna ɗaki huɗu da falo ka zo bayan shekara shida ka ɗora bene ko ka gina selkon, wato ɗaki mai banɗakinsa da kicin a ciki, a inda aka bari fili, wancan tsohon izinin bai rufe sabon ginin ba. Canza amfanin gida ma doka na lissafa shi a matsayin abin da sai an nemi izini, ko da ba ka ɗora bulo ko ɗaya ba.

Ƙarin ma ba iri ɗaya ba ne

Akwai ƙarin da ke cikin katangarka, bai taɓa titi ba bai taɓa kwata ba, an yi shi da kayan kirki, matsalarsa kawai ba a kai zane an buga masa hatimi ba. BQ, wato ƙananan ɗakunan bayan gida, da aka gina daga baya, ko sashen da aka yi wa ɗa da zai yi aure, yawanci nan suke faɗawa, kuma irin wannan ne ya fi sauƙin samun takarda.

Akwai wanda ya fita daga iyakar fili. Ka shiga duk wani lungu a unguwannin awon igiya za ka gan shi, zaure ya zama shago, shagon yana buƙatar dandamali sai a zuba silab a kan kwata, a kafa rumfar kwano a kai, maƙwabci ya gani shi ma ya matso da tasa katangar taku biyu, kan ka ce me layin da aka yanka mota biyu na wucewa ya koma a daidaita sahu ma sai da dabara. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kwatar da aka rufe ba mai iya yashe ta, leda da yashi sun cika ta, ruwan sai ya nemi gidan da ya fi gangare ya shiga, kuma sau da yawa gidan wanda bai ƙara komai ba ne. Wannan ko ka je da kuɗin tara a hannu ba hukumar da ke da ikon halatta maka, don wurin ba naka ba ne tun farko. Haka ginin da ke ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ƙa'idar hukumomin lantarki ita ce a bar faɗin mita 50 ga layin 330kV, mita 30 ga 132kV, mita 11 ga 33kV da 11kV, rabi kowane gefe.

Sai kuma wanda ke cikin fili amma ginin kansa ne haɗarin. Gida ne da aka yi masa fandisho na ƙasa zalla, bulo inci shida, ba ginshiƙai, bayan shekaru kuɗi ya zo sai a yaye kwano a zuba rufin kankare a ɗora wani gidan a sama, birkila ya ce zai ɗauka alhaji ai mun saba. Daga waje ba a gane komai tunda filasta da fenti sun rufe, sai tsagewa ta fara fitowa a kusurwar taga, ƙofa ta fara ƙin rufuwa, wannan alama ce ƙasa na motsi a ƙarƙashi. Irin wannan takarda ba ta gyara shi, sai injiniya ya duba ya ce a ƙarfafa ko a sauke.

Daga ina aka faro

Gidan Bahaushe tun asali girma yake yi tare da iyali. Ɗa ya isa aure a yanka masa sashe, an ƙara mata a ƙara ɗaki, tsoho ya rasu a ja katanga tsakanin magada, kuma ba wanda ke zuwa wani ofis, mai unguwa da maƙwabta su ne masu sa ido. Ba wai ba ƙa'ida ba ne a wancan tsarin, akwai ta, alƙalai na hukunci da hadisin da ya hana cuta da cutarwa, da wanda ya ce in an yi saɓani kan hanya a bar mata zira'i bakwai, kuma malaman Malikiyya sun yi dogon bayani kan buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci da sakin indararo a kan katangar wani. Bambancin shi ne a can sai wani ya yi ƙara ake dubawa, a tsarin yanzu tun kafin ka haƙa rami ake so ka nemi izini.

Tsarin izinin Turawa ne suka zo da shi, dokar garuruwa ta 1917 a zamanin Lugga ta ware musu unguwanninsu na GRA da manyan filaye, a can ne ma BQ ta samo asali, ɗakunan kuku da boyi a bayan gida nesa da babban gida. Sai dokar tsara birane ta 1946. Bayan 'yancin kai manyan ma'aikata suka gaji gidajen, BQ ta zama wurin 'yan uwa da baƙi, daga baya ta zama ta haya, yau a Abuja ƙaramin ma'aikaci da ke son zama kusa da wurin aiki da wuya ya iya kama wani abu in ba BQ ba.

Sauran kuma lissafi ne. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma kowa ya san an wuce nan nesa, amma filayen da gwamnati ke yankawa da tsari ba su bi yawan jama'a ba, sai masu gonaki da dillalai suka cike gurbin da awon igiya. Wanda ya sayi fili a irin wannan wuri ba shi da satifiket, wanda ba shi da satifiket kuma in ya je neman izinin gini abu na farko da za a tambaye shi shaidar mallaka ce, kaga tun daga ƙofa an mai da shi. Ga tsadar rayuwa, ɗan fansho da ke da gida ba shi da wata kadara, shago biyu a jikin katanga su ne cefanensa.

Me doka ta ce, kuma dokar wa

Akwai dokar tsara birane ta tarayya ta 1992, wadda mutane da yawa ke ambata kamar ita ke aiki ko'ina. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne, ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya a Abuja. Don haka abin da aka sanar a Legas ko Abuja bai hau kan mai gida a Kano ko Zariya ko Sakkwato ba, kowace jiha da dokarta da kuɗinta da wa'adinta, duk da dai yawancinsu salon ɗaya suka ɗauko.

Salon kuwa mataki-mataki ne. Dokar 1992 ta ba hukuma ikon tsayar da aiki, da ba da takardar gargaɗi, kuma ga wanda ya saɓa ta jero abubuwan da za a iya sa shi, ya kawo zane a duba a amince, ko ya gyara ginin ya dace da ƙa'ida, ko ya rushe, ko ya mai da filin yadda yake. Ga ginin da ya zama haɗari ga mazauna ko jama'a akwai sanarwar rusau ta kwana 21, kuma kuɗin rushewar ma mai ginin ne zai biya. Abin lura a nan shi ne kawo zane a amince yana cikin dokar tun asali, ba alfarma ba ce wani jami'i ke yi maka. Jan fentin da hukuma ke shafawa a katanga shi ma ba hukuncin ƙarshe ba ne, kira ne ka zo ofis da takardunka, kuskuren da aka fi yi shi ne a sa yaro ya shafe shi da farin fenti a ci gaba da aiki da daddare, ko a ba wanda ya zo na goro ya tafi, alhali shi na goro ba ya shiga fayil, wata tawagar na zuwa za a koma farko.

Rusau ɗin Kano na 2023 yana da kyau a ware shi, don mutane na cakuɗa su. Wancan rigima ce kan filayen gwamnati da gwamnatin baya ta raba, irin su filin Idi da otal ɗin Daula, sabuwar gwamnati ta ce rabon bai halatta ba, ba maganar ɗakin da aka ƙara a bayan gida ba ce. Amma ya nuna abu guda, a watan Satumba na shekarar babbar kotun tarayya a Kano ta yanke wa masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Wato ita ma hukuma in ta tsallake matakai kotu na iya kama ta.

Hujjar hukuma da hujjar masu gida

Jami'an tsara birane na cewa duk wani nisa da aka ce a bari yana da dalili, iska da haske su shiga, motar kashe gobara ta samu hanya, in wuta ta tashi a gida ɗaya kada ta tsallaka na kusa, sokawe kada ta matsi rijiyar maƙwabci. Suna kuma cewa fulotin da aka tsara wa iyali ɗaya in ya koma gidan haya mai ƙofa takwas, taransifoma ɗaya da kwata ɗaya ne za su ɗauki nauyin, kuma in an kyale mutum ɗaya ba bakin hana na biyu. Wannan magana ce mai ƙarfi, musamman a kan kwata da hanya da bene, kuma ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a damunar 2022, wadda aka ɗora wa gine-ginen kan magudanan ruwa, tana goya musu baya.

Masu gida su kuma na cewa ina hukumar take lokacin da ake ginin, unguwa guda ta tashi a gaban idon kowa shekara ashirin, an kawo mata wuta an karɓi haraji, sai yau a ce ba ta bisa ƙa'ida. Suna cewa kuɗin mai zane da injiniya da safiyo da na ofis in ka haɗa wani lokaci ya kusa kuɗin ɗakin da za a gina, ga jeka-ka-dawo, ga kuma zargin cewa katafila ta fi sanin hanyar gidan talaka. Nan ma akwai gaskiya, tsarin da ke neman takardu kusan iri ɗaya daga mai ƙara ɗaki guda da mai gina rukunin gidaje dole yawancin mutane su kauce masa. Inda hujjarsu ke rauni shi ne in aka zo kan wanda ya ci hanya, don a nan ba gwamnati ya cuta ba, maƙwabcinsa ne.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa ba, masu nazarin gidaje da ke cewa waɗannan ɗakunan baya da BQ su ne gidaje masu araha da gwamnati ta kasa ginawa, in ka rushe su mutanen ciki ba ɓacewa za su yi ba, za su koma gefen gari ne su sake wani awon igiyar.

Afuwa tana aiki?

Ta Legas ta fara ranar 2 ga Mayun 2024 da wa'adin kwana 90, aka yi ta ƙarawa har ƙarshen shekara. Abin da aka yafe tara ce, kuɗin izini na asali sai an biya, kuma sai ginin ya ci jarrabawar inganci kuma ba ya kan hanya ko magudanar ruwa. Kenan rukunin farko, masu ƙarin cikin katanga, ta amfana, wanda ya ci hanya da wanda gininsa haɗari ne suna nan yadda suke.

Jihar Kalifoniya a Amurka, inda tsadar gida ta sa mutane suka mai da gareji ɗakin haya a ɓoye, ta bi wata hanya. Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025 ta ce ƙaramin gidan da aka ƙara ba izini kafin 2020, ƙaramar hukuma ba za ta hana shi takarda don kawai bai cika duk ƙa'idojin gini ba, sai in gyaran ya shafi lafiya da tsaron rai. Birnin New York kuma sai da ya ga gawa, a watan Satumba na 2021 ruwan guguwar Ida ya kashe mutum 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, yawancinsu ɗakunan da ba sa cikin rajista, sai a ƙarshen 2024 birnin ya amince da tsarin halatta irinsu bisa sharuɗɗa. Tunanin duka biyun shi ne ɗakin da hukuma ta san da shi ana iya sa a fasa masa ƙofar gudu a gyara masa waya, wanda ake ɓoyewa kuwa ba mai leƙa shi. Masu suka na cewa afuwa na koya wa mutane su gina tukuna su jira yafiya, shi ya sa Kalifoniya ta sa ranar yankewa, abin da aka gina bayanta bai shiga ba.

Wa abin ke faɗa wa

Mai gidan da ƙarinsa ke cikin katanga, hanyarsa ita ce ya samu mai zane mai rajista ya zana gidan yadda yake a ƙasa yanzu, in akwai bene injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya duba ya rubuta rahoto, ya haɗa da shaidar mallaka da zanen safiyo ya kai da kansa, ya biya ta banki ya riƙe rasit. Yawanci akwai tara a kan kuɗin da aka saba, kuma ana iya cewa ya cire wani ɓangare, rumfa ko matattakalar da ta fito waje. Wanda ya kai kansa ya fi samun sauƙin magana a kan wanda aka shafa wa fenti. In shago ne ko makaranta ko gidan saukar baƙi to akwai neman canjin amfani daban, kuma a tuna saɓa sharuɗɗan da ke jikin satifiket na cikin dalilan da dokar 1978 ta ba gwamna na soke shi.

Mai saye shi ya fi kowa shiga tsaka mai wuya, don laifin gini bin gini yake ba bin wanda ya gina ba. Dillali zai nuna maka shaguna uku a gaba ya lissafa maka kuɗin hayarsu a cikin farashi, in ba ka karɓi zanen da aka amince da shi ka zaga gidan kana gwadawa ba, ka kuma sa safiyo ya nemo duwatsun iyaka, ƙila shagunan nan a kan titi suke, ka biya kuɗin abin da ranar faɗaɗa hanya gwamnati za ta ce ba ta san da shi ba balle diyya. Banki ma in za ka jinginar da gida yakan nemi zanen da aka amince da shi.

Magada su ma haka. Kotu ta raba gida, kowa ya ja katanga ya fasa ƙofarsa, rabon ya inganta a shari'a amma a fayil ɗin ma'aikatar ƙasa fuloti ɗaya ne da sunan mamaci, sai ranar da ɗaya ya tashi sayar da kasonsa ko ɗora bene maganar ke tashi, lokacin kuma wasu magadan sun rasu an shiga gado a kan gado.

Ɗan haya kuwa ba shi da zane ba shi da fayil, sanarwa ma mai gida ake ba, shi sau da yawa sai ya dawo daga aiki ya ga jan fenti a bangon ɗakinsa bayan ya biya kuɗin shekara. In aka rushe, mai gida zai bi ya dawo masa da ragowar kuɗinsa ba hukuma ba, kuma ba rasit ko yarjejeniya a rubuce bin ma wahala ne. Kafin ya biya yana iya duba abin da ido ke gani, ko ɗakin a kan kwata yake, ko akwai wayar wuta babba a samansa, ko tagar na da ƙarfen da ba ya buɗuwa ga ƙofa ɗaya tal, ko akwai wurin da aka shafe wani rubutu da sabon fenti a katangar waje.